Yumɓun da Na Kai Amurka

Kare ne ya fara yi mini maraba a Amurka. Wani ɗan guntun kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci, ya zo ya zauna daram a gaban jakata ya ƙi tashi. Matar da ke riƙe da igiyarsa ta yi mini murmushi ta nuna mini wani ɗaki. Ni ko na mayar mata da murmushin, a zatona masaukin baƙi za a kai ni in miƙe ƙafa.

Sunana Asabe, amma a kasuwar Kawo Maman Rifkatu ake kirana. Ni Gbagyi ce, mu ne Hausawa ke ce wa Gwari, kuma ginin tukwane na buɗe ido na tarar ana yi a gidanmu. Ƙauyenmu yana bayan Katabu, in ka saki titin Zariya. Ba nan ne asalinmu ba. Ina yarinya, in mun shigo Kaduna sayar da randuna, kakata takan tsaya ta nuna mini wasu ofisoshin gwamnati masu dogayen katangu ta ce a nan aka binne cibiyarta. Turawa suka tashe su don za a kafa gari, suka matsa. Turawa suka tafi, namu suka hau, aka ce ana bukatar wurin da suka koma, suka sake matsawa. Kullum mu ake ce wa a matsa, kuma kullum wai don ci gaba ne.

Da suka sauka a bayan Katabu, kakata ce ta gano ramin yumɓu a gefen rafi. Shi ya ciyar da ita, ya ciyar da uwata, ya kai 'yata Rifkatu makaranta har ta zama malama a Badarawa. Kuma a gidanmu akwai abin da ake yi: in maginiya ta rasu, tukunyar da ta bari ba ta gasa ba ba a gasa ta, ba a sayar da ita, ramin ake mayar da ita ta narke. Ta kakata tana ciki. Ta uwata ni na ɗauke ta da hannuna na kai. Saboda haka duk tukunyar da na gina, na san hannunsu yana ciki.

Sai ga masu awon fili sun zo sun kafa duwatsun siminti kewaye da ramin, wai gwamnati za ta yi rukunin gidaje. Ranar da katafila ta iso, ni na tara mata muka je muka zauna a gabanta. Direban ya yi ta hon, ya gaji, ya kashe inji. Suka sake dawowa, muka sake zama. Ni ce a gaba, don ni Allah bai rage ni da baki ba.

Ba a jima ba wani jami'i ya zo har gida, Oga Ɗanjuma, daga ofishin da ke kula da al'adu. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar ɗan da na haifa. Ya ce gwamnati ta zaɓe ni in wakilci 'yan asalin ƙasa a wani baje kolin sana'o'in hannu a Amurka. Ya ce babban oga da kansa zai je, can babu 'yan sanda babu 'yan rakiya, sai in gaya masa maganar ramin ido da ido. Na ce to ramin fa, in na tafi? Ya dafa ƙirji ya ce, “Mama, ko tsinke ba za a taɓa ba sai kin dawo.” Wannan maganar ce ta sa ni hawa jirgi, ni da ko Abuja ban taɓa kwana ba.

To, a ɗakin nan na filin jirgi aka zazzage jakata a kan tebur. Daddawar da na ƙulle ita karen ya jiyo, suka ɗauke. Sai suka kai ga ƙunshin da ke ƙasa, wanda na naɗe a leda na ƙara naɗewa da tsohon zanen uwata. Matar ta sa safar hannu ta buɗe, ta dube ni.

“Ƙasa ce wannan?” in ji ta.

Na tattaro ɗan Turancina na firamare na ce ba ƙasa ba ce, yumɓu ne, da shi zan yi aiki. An ce zan gina tukunya a gaban mutane, to da me zan gina? Wace maginiya ce ke barin yumɓun gidansu ta je ta taɓa wanda ba ta san halinsa ba? Ni ban ma ga abin tambaya a ciki ba.

Aka kira Oga Ɗanjuma. Ya shigo yana huci, durƙuson nan duk ya bar shi a Kaduna.

“Haba Mama! Wa ya ce ki kwaso ƙasa ki kawo ƙasar mutane? Kin zubar mana da mutunci tun ba mu shiga ba.”

“Ka gaya mini kada in ɗauko?”

“Ai kowa ya san wannan!”

“To ni ban sani ba.”

Matar ta yi mini bayani a hankali, wai ƙasar wani wuri tana zuwa da cuta, doka ta hana. Na roƙe ta ta bar mini ko cikin tafin hannu ne. Ta girgiza kai, kuma na ga ba don mugunta ba. Ta juye shi a wata jaka mai ruwan ɗorawa, ta ɗaure, ta ce ƙonawa za a yi. Zanen kawai ta miƙo mini. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na lallashi kaina cewa ramin yana nan, in na koma na haƙo wani.

Daga nan wani jirgin ya kai mu wani gari mai jajayen duwatsu, busasshe ƙayau, ko ciyawar kirki babu. Manyan tawaga aka wuce da su babban otal. Mu masu sana'a aka ajiye mu a wani masauki a bakin titi, Oga Ɗanjuma ya karɓe fasfunanmu wai kada mu yar. Ɗakina yana kusa da na Malam Sani, wani baduku daga Rafin Guza, dattijo mai sanyin magana. A Kaduna da wuya mu haɗu ko a mota, shi da carbinsa ni da Littafina Mai Tsarki. A can kuwa ya zame mini ɗan'uwa. Abincinsu burodi ne da wani ɗanyen ganye mai sanyi, na ci na ji kamar an hukunta ni. Malam Sani ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya miƙo garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ya ce, “Yaya, jiƙa wannan, kada yunwa ta kayar mana da ke a ƙasar arna.” Ya tuna da wa yake magana, ya kama baki. Na yi dariyar da ban yi ba tun da na baro gida.

Kewa kuwa ba a magana. Lahadi ta zo ta wuce ban ji ganga ba, ban ji muryar matan zumunta na cocinmu ba. In na leƙa taga sai motoci, babu mai tafiya a ƙasa balle ka ce masa sannu.

Ranar da aka buɗe baje kolin na ci ado da atamfata mai kyau da takalmina na zuwa coci. Oga Ɗanjuma ya dube ni sama da ƙasa ya ce a'a, ba haka ake so ba. Ya fito da baƙin saƙi irin na kakanninmu ya ce in ɗaura a ƙirji, in cire takalmi, in saɓa randa a kafaɗa in riƙa kai da kawowa a gaban rumfa.

Mu matan Gbagyi ba ma ɗora kaya a ka. Uwata ta ce kai shi ke ɗauke da tunanin mutum, ya ishe shi, ba a ƙara masa wani nauyi. A kafaɗa muke ɗauka, itace ne, doya ce, ruwa ne. Kafaɗata ta dama ta yi kanta, fatar ta yi tauri, tun ina budurwa. A Kawo an sha yi mini dariya a kan haka, yara suna bina suna kwaikwayo. Ban taɓa jin kunya ba, don kaya nake kaiwa inda za a saya. Amma ranar nan, da na saɓi randar da babu komai a ciki ina zagaye ba inda za ni, mutane suna ɗaga waya, wani mai hoto da gwamnati ta ɗauko yana ce mini in juyo, in yi murmushi, in ɗaga haɓa, ranar na ji kunya har cikin ƙashina. Na daure saboda ramin.

Babban oga ya zo da rana tsaka, turare na tashi. 'Yan rakiyar da aka ce babu, ga su nan kamar ƙudaje. Ya kama hannuna ya juya wajen mai hoto. Na ce, “Ranka ya daɗe, maganar ramin yumɓunmu na bayan Katabu…”

“An sani, Mama, an sani. Ana dubawa.”

Ko kallona bai yi ba, idonsa na kan kyamara. Kafin in haɗiye yawu an wuce da shi. Abin da na ƙetare teku don in faɗa ke nan.

Da aka zo ginin tukunya, sai aka kawo mini yumɓun kanti a cikin leda, fari sol, sumul kamar man shanu. Ba ƙamshi, ba yashi, ba ya gardama. Na murza shi na ji kamar ina gaisawa da gawa. A rumfar da ke kusa da tamu akwai wata tsohuwa mai doguwar furfura a kitse, fatarta ja kamar tukunyar da ta gasu, ita ma tukwane take sayarwa. Tana kallona ina yatsina fuska. Can sai ta taso da wani bokiti ta ajiye a gabana, ta buɗe. Yumɓu ne na gaske, da tsakuwarsa da saiwoyinsa. Ban san lokacin da na gutsura na ɗanɗana a harshe ba, yadda uwata ta koya mini. Na ɗago sai na ga tana dariya, ita ma ta gutsura ta sa a baki.

Sunanta Marta. Ta ce su ne 'yan asalin wurin, tun kafin Turawa su san da ƙasar. Turancinta a hankali take yinsa, nawa kuwa a karye, amma hannu ya cike sauran. Da yumɓunta na gina ɗan tulu, kuma shi ne abu ɗaya da na yi a ƙasar nan da ban ji kunyarsa ba.

Wata rana da aka tashi da wuri ta ce in zo ta nuna mini inda take haƙa. Ta sa ni a tsohuwar akori-kurarta muka yi ta tafiya cikin daji har muka iso gindin wani tsauni. Sai ga waya mai ƙaya ta zagaye wurin, ga ƙofar ƙarfe da kwaɗo, ga allon gwamnatin jiharsu. Marta ta tsaya a bakin wayar ta nuna mini wani rami can ciki. Ta ce kakanninta ne suka fara haƙa shi. Yanzu sai ta je ofis ta nemi izini, a sa mata rana, a aiko mai makulli ya tsaya a kanta, kuma a faɗa mata iya abin da za ta ɗiba. Ta ce uwarta tana ƙarama gwamnati ta ɗauke ta ta kai makarantar kwana, aka aske mata gashi, in ta yi yarensu a doke ta. Yau kuma gwamnatin ce ke buga zanen tukwanensu a jikin alluna tana kiran baƙi su zo su gani.

Na ba ta labarin namu, da katafila, da zaman da muka yi, da alkawarin Oga Ɗanjuma. Ta saurara har na gama.

“Ke ce kike zama a gaba?” in ji ta.

Na ce ni ce.

“To yanzu wa ke zaune?”

Na ce ai an yi mini alkawari. Ta sa hannu a aljihu ta ciro wani ɗan baƙin dutse mai santsi, irin wanda muke goge tukunya da shi kafin a gasa, ta ce na kakarta ne, ta danƙa mini a hannu ta rufe yatsuna a kai. Sannan ta mayar da ni masauki.

Na tarar da Malam Sani a bakin ƙofata yana jan carbi. Ya ce, “Yaya, akwai maganar da na ji, na rasa yadda zan yi da ita. In na riƙe, Allah zai tambaye ni.” Ya ce yana bayan rumfa yana salla ya ji Oga Ɗanjuma a waya yana cewa su yi sauri su gama, tsohuwar tana nan tare da shi, ba inda za ta.

Na ce ya kira mini Rifkatu a wayarsa. Tun zuwana in mun yi magana sai ta ce lafiya lau, ta yi sauri ta kashe, ni kuma na ɗauka tsadar waya take ji.

“Rifkatu, ki gaya mini gaskiya don Allah. Ramin fa?”

Sai ta fashe da kuka. Ta ce washegarin tafiyata katafila ta zo, da motar 'yan sanda a baya. Mata sun fito, sun taru a bakin rafi, amma kowa tana jiran wata ta fara zama. Kafin ita ta samo mota daga Badarawa an riga an fara turo ƙasa. Ta ce, “Mama, na ji tsoron in gaya miki ki faɗi a ƙasar da ba mu da kowa.”

Ban yi kuka ba a lokacin. Zanen uwata na ɗauko, wanda aka juye yumɓun daga ciki, na shinshina. Akwai sauran ƙamshin kaɗan. Sai a sannan na gane cewa abin da na bari aka zuba a jakar shara aka kai wuta, shi ne yumɓu na ƙarshe da aka haƙa a ramin kakata. Da hannuna na ɗauko shi na kawo musu.

Da safe na sa atamfata da takalmina na je rumfa, na jawo kujera na zauna. Oga Ɗanjuma ya zo da baƙin saƙinsa a hannu.

“Mama, lokaci na tafiya, baƙi sun fara shigowa.”

“Sun gama?”

“Su wa?”

“Waɗanda ka ce su yi sauri.”

Ya yi tsuru-tsuru. Ya waiga ya ga ba mai jin Hausa sai Malam Sani, sai ya sassauta murya. “Mama, ni ma umarni aka ba ni. Kuma ki duba, kin ga Amurka kyauta. Mutum nawa ne a ƙauyenku suka taɓa shiga jirgi?”

Na ce, “Ɗanjuma, ka durƙusa a tsakar gidana. Ka sha ruwan randata. Allah ya isa tsakanina da kai.”

Ya ce in tuna fasfona yana hannunsa. Na ce ya jiƙa ya sha. Zaman da aka hana ni yi a gaban katafila, shi na yi a rumfar nan har aka rufe baje kolin, ban ƙara saɓa randa ba, ban ƙara yi wa kowa murmushi ba. Amfanin me? Babu. Hotunan da suke so sun riga sun samu. Marta takan kawo mini shayi ta zauna kusa da ni, ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba, kuma na gode mata da hakan. Ranar rabuwa na ba ta ɗan tulun da na gina da yumɓunta.

Da muka dawo ban tsaya a Badarawa ba, duk da roƙon Rifkatu. Daga Kawo na hau motar Katabu na sauka na bi hanyar rafi da ƙafa. Na kasa gane wurin. An share itatuwa, an zuba jar ƙasa an daddaɓe, fili fetal kamar faranti. Na yi ta zagaye ina neman inda bakin ramin yake, ban samu ba. Matan da muka zauna tare suna hangena daga nesa, kowa ta sunkuyar da kai. Ban zarge su ba. Ni ce na tafi.

Bayan damina aka zagaye wurin da katanga, aka yi babbar ƙofa mai fenti tana kallon titi. Wata ranar kasuwa ina dawowa daga Kawo, na hangi an kafa ƙaton allo a saman ƙofar. Na matsa kusa. Ni ce. Ni ce da baƙin saƙi a ƙirji, ba takalmi, randa a kafaɗa, ina murmushi haƙora waje. A ƙasa an rubuta cewa gwamnati tana alfahari da 'yan asalin ƙasa.

Na daɗe a tsaye. Sannan na taka zuwa ƙofar, don ina so in shiga in tsaya ko kusa da inda uwata take. Maigadin, wani baƙon mutum da ban sani ba, ya tare ni da sanda.

“Mama, ina zuwa? Ba a shiga sai mai fili a ciki.”

Na nuna masa allon. Ya ɗaga kai ya duba, ya dube ni, ya yi dariya.

“Kai, wallahi kuna kama! 'Yar'uwarki ce?”

Na ce masa a'a, ban san ta ba.

Yanzu yumɓu saye nake, daga wani mai tifa da ke kawowa daga nesa. Tukwanen suna fashewa a wuta fiye da da, masu saye a Kawo suna cewa hannuna ya canja. Ina goge su da dutsen kakar Marta. Kwanan baya ina cikin gini Rifkatu ta zo, ta zauna tana kallona, can ta ce, “Mama, in ranar ta zo, taki tukunyar ina za mu kai ta?”

Na ci gaba da murza bakin tukunyar. Har ta tashi ta koma Badarawa ina ta murzawa.